Shanun Huɗa da Mai Komawa Rawar Bale

Babu lokacin da shanun huɗa suka fi rauni kamar ranar da aka fi bukatarsu. Rani ya ƙare musu a kan kara da busasshiyar ciyawa, bazara ta zo ta kwashe ɗan kitsen da ya rage, har mutum yana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin zaure. Sai ruwan shuka ya sauka dare ɗaya, gari ya waye kowa yana neman karkiya da garma. Bijimin da ya yi wata bakwai bai taka gona ba kuwa bai manta komai ba. Da an aza masa karkiya zai sunkuyar da kai, ya bi kwarin kunya, ya juya a ƙarshen gona tun yaron da ke riƙe da igiyar hanci bai ja ba. Aikin yana nan a kansa daram. Wuyansa ne ya manta. Kantar da ta taru a gaban tozo bara ta saki, fata ta yi laushi, ƙafafu sun saba da tsayuwa a turke. Manomin da biyayyar bijimi ta ruɗa, ya ce yau sai an ga ƙarshen gonar nan, zai kwance shi da azahar yana kumfar baki, jibi kuma ya tarar da miki daidai inda itacen karkiya ke zama. Shi ke nan dabba ta kwanta jinya, maƙwabta suna huɗa shi yana yawon neman shanun haya.

Manomi mai lura ba ya jiran ruwa. Tun hadari yana leƙowa daga gabas yana komawa, ya sauke harawar da ya adana a kan rumfa, ya haɗa musu da dusa da 'yar kanwa. Da la'asar ya ɗaura musu gungume su ja a bayan gari, don wuya ya tuna da nauyi. Ranar farko a gona kunyoyi kaɗan ne, rana na fara zafi ya kwance su. Da yamma ya je turke, ya shafa wuyan kowanne da tafin hannu, yana neman inda ya yi ɗumi ko ya tasa, yana kallon ko bijimin zai janye kai. In ɗansa ya ce, "Baba, ai da sauran ƙarfinsu, gonar su Malam har ta yi rabi," sai ya ce masa, "Bar su haka nan. Damina ba yau za ta ƙare ba."

Irin wannan manomi nake so duk mai shirin komawa ajin rawar bale bayan dogon hutu ya zama. Rawar dai ba tamu ba ce. A fadojin Italiya ta tsiro, ta yi girma a Faransa inda Sarki Luwi na 14 ya kafa cibiyar malaman rawa a Faris a 1661, kuma har gobe da Faransanci ake kiran sunayen takunta, ko a Mosko ake ajin ko a Legas. Da yawa cikinmu ba mu tsaya mun dube ta da kyau ba sai a 2020, da bidiyon Anthony Madu ya zaga wayoyi: yaro ɗan shekara 11 a Legas, ba takalmi, yana juyi a kan siminti ruwa na zuba. Amma ƙafar da ke yin rawar irin tamu ce, kuma abin da zama ke yi wa ƙafa bai san ƙabila ba.

Masu ajiye rawar suna da yawa. Yarinya ta fara tun tana 'yar shekara shida, jarrabawar gama sakandare ta zo ta raba su. Wata aure da goyo, wata aikin ofis, wani rauni. A watan Maris na 2020 ma korona ta rufe gidajen wasa da ɗakunan atisaye, har Tamara Rojo, wadda ke shugabantar English National Ballet a lokacin, ta riƙa ba da darasi ta intanet daga kicin ɗin gidanta. Bayan shekara ɗaya, ko biyar, ko ashirin, sai wata rana marmari ya motsa. Zan fi magana a kan mace don su suka fi cika waɗannan azuzuwa, amma namiji ma ya kasa kunne.

Tsarin ajin ba ya sakewa. Kimanin sa'a ɗaya da rabi ne. Ana farawa a jikin bango, hannu ɗaya dafe da wata doguwar sanda da aka gicciye: a lanƙwasa gwiwa a miƙe, a ja ƙafa a kan daɓe har yatsu su yi tsini a dawo da ita, a ɗaga, a harba sama. Daga nan a saki sanda a fito tsakiyar ɗaki, a yi motsi a hankali a kan ƙafa ɗaya, a yi juyi, a shiga ƙananan tsalle masu sauri, sannan a rufe da manyan tsallen da ke ratsa ɗaki daga kusurwa zuwa kusurwa. Wato aiki mafi nauyi a ƙarshe yake zuwa. Ga wanda ke cikin horo kullum wannan hikima ce, domin kafin a kai ga tsalle jiki ya ɗumama ko'ina. Ga wadda ta dawo yau kuwa, minti ashirin ɗin ƙarshe su ne azahar ɗin bijimi.

Ku dube ta a ranar farko. Ta zo da wuri, ta laɓe a ƙarshen sanda inda ba za a gan ta sosai ba, tana satar kallon madubi tana jan bakin riga. Malama ta nuna motsin da hannu, ta kira sunayensa, mai fiyano ya taɓa. Kafin ta yi tunani ƙafar dama ta riga ta zame gaba, diddige ya juyo, kai ya karkata wajen hannu yadda aka koya mata tana ƙarama. Fuskarta ta saki. Wannan farin ciki na gaskiya ne, mutum ya iske abin da ya fid da rai da shi yana nan inda ya bar shi. Ƙwaƙwalwa takan riƙe motsin da aka maimaita sau dubbai, shekaru ba sa goge shi da sauƙi. To, cikin wannan daɗin haɗarin yake. Ƙwaƙwalwa tana aika wa ƙafa umarnin 'yar shekara goma sha bakwai, da tsayin tsallen wancan lokaci da saurinsa, ƙafa kuma ba ta gardama. Za ta yi, kamar yadda bijimi ke ja har ya durƙusa.

Sassan jiki ba tare suke zubewa ba, ba kuma tare suke dawowa ba. Numfashi ne ke fara gudu, mako biyu zuwa huɗu da barin horo an fara haki, amma shi ba ya munafunci: nan take yake sanar da mutum, kuma yana saurin komowa. Tsoka ma ba ta da wuyar sha'ani. Masu ɓoye halinsu su ne jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin. A wani bincike da aka buga a 2010, masana a Jami'ar Tokyo sun sa samari horon ƙarfin ƙafa na wata uku, sannan suka zaunar da su wata uku, suna aunawa duk wata. Ƙarfi ya hau da wuri, jijiya kuwa sai a wata na uku taurinta ya ƙaru. Da aka daina, cikin wata biyu jijiyar ta koma yadda take tun farko, alhali ƙarfin yana nan bai tafi ba. Ƙarfin ja bai ragu ba ke nan, wuyan da zai ɗauki karkiyar ne ya yi laushi.

Agara ce ta fi shan wannan kaya, domin duk tashi kan yatsu da duk saukowa daga tsalle ta kanta suke bi. A 2013 masu bincike a Kofanhagen sun gano abin da ya isa ya sa mutum ya tausaya wa agararsa. Sun bi sawun wani sinadari da gwaje-gwajen makaman nukiliya suka watsa a iska a shekarun 1950 da 1960, wanda ya shiga jikin duk mai rai a lokacin, sai suka ga tsakiyar agara ana gina ta ne yayin da mutum ke tsawo, zuwa wajen shekara 17, bayan nan da ƙyar take sabuntuwa. Tsoka kullum cikin sake kanta take. Agara kuwa, wadda mutum ya gama sakandare da ita, da ita zai tsufa.

An ga abin da gaggawa ke yi mata. A 2011 rikicin kuɗi ya sa aka rufe wa 'yan ƙwallon Amurka na gasar NFL filayen atisaye daga Maris zuwa Yuli. Da aka sasanta sai aka tura su horo cikin 'yan kwanaki, kuma a wata ɗaya na farko agara 12 ta tsinke, adadin da a da kakar wasa sukutum ba ta cika kaiwa ba. Ƙarti ne fa, masu likitoci a gefen fili. In kuma ana son sanin tsadar wannan rauni ga ɗan rawa, Steven McRae na Royal Ballet agararsa ta tsinke a kan dandamali a Landan a Oktoban 2019, ana tsakiyar wasa, bai sake hawa ba sai Oktoban 2021.

Ƙashi nasa salon ya fi yaudara. Idan aka ƙara masa aiki, jiki yakan fara kankare tsohon da ya gaji, aikin 'yan makonni, sannan ya cike gurbin da sabo, aikin watanni. Tsakanin kankarewa da cikewa akwai lokacin da ƙashin ya fi da rauni. Shi ya sa tsagewar ƙashi ta yawan aiki ba ta cika zuwa a makon farko ba. Takan jira sai makonni sun ɗan ja, daidai lokacin da tsamin jiki ya wuce, haki ya ragu, mai komawa ta ce ai na dawo, ta ƙara aji biyu a mako. A 'yan bale ta fi kama gaban ƙwauri da gindin ƙashin da ke bin yatsa na biyu a bayan ƙafa. Ni a ganina wata na biyu ya fi ranar farko haɗari. Ranar farko akwai tsoro, tsoron kuma yana tsare mutum. A wata na biyu tsoro ya tafi, ƙashi bai gama shiri ba.

Gungumen mai komawa shi ne ajin da ke ƙasa da wanda ta bari. A nan girman kai ke tare ƙofa. Wadda ta taɓa yin juyi uku a tashi ɗaya, a ce ta tsaya cikin masu koyon inda ake ajiye diddige, abin da ciwo. Amma ajin 'yan koyo a hankali yake tafiya, yin abu a hankali kuwa ya fi wuya, kuma shi ke gina abin da ya zube. David Hallberg, Ba'amurken da ya kai ƙololuwa a American Ballet Theatre da Bolshoi ta Mosko a lokaci guda, ya ji rauni a idon sawu, daga 2014 ya daina fita, tiyata ba ta warware ba, ya tattara ya tafi Melbon wajen likitocin Australian Ballet. Fiye da shekara ya yi a can yana sake gina ƙafarsa daga tushe, kafin ya koma dandamali a Sidni a Disambar 2016. In wannan bai ji kunyar komawa gindin sanda ba, ban ga wanda zai ji ba.

A je da wuri a gaya wa mai koyarwa gaskiya. "Malama, na daɗe rabona da yi, na haihu a tsakani, gwiwar hagu kuma takan dame ni. Zan yi sanda, tsalle kuwa zan tsaya in kalla." Malamar kirki za ta ji daɗin wannan, ta sa ido, ta rage mata tsayin ƙafa tun ba ta nema ba. Wadda ta ce ai jiki zai tuna, shiga kawai, a nemi wata. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, ta fara ganin likita kafin malama.

Makonnin farko sanda ta isa, da ɗan abin da ya sawwaƙa a tsakiya. Aji ɗaya ko biyu a mako, da tazarar kwana a tsakani, domin a ranar hutu jijiya da ƙashi suke gininsu. In za a ƙara, abu ɗaya ake ƙarawa, ko yawan kwanaki, ko tsawon aji, ko wahalar motsi, ba duka a mako guda ba. Tsalle ya biyo baya, shi ma daki-daki: a tashi da ƙafa biyu a sauka da biyu ana dafe da sanda, sannan ba dafawa, sannan saukowa a ƙafa ɗaya, manyan tsalle can ƙarshe. Kunne ma yana aunawa. Saukar da ta yi daidai ba ta da ƙara, yatsu su fara taɓawa, tafi ya biyo, diddige ya sauka, gwiwa ta lanƙwasa ta shanye nauyin. Da an fara jin dim-dim ƙafa ta gaji, aikin ranar ya ƙare ko da kiɗa bai ƙare ba. Kuma manomi ba ya sa garma a ƙasar da ba ta jiƙa ba, don ya san taurinta a wuyan dabba yake ƙarewa. Ɗakunan bale na gaske daɓensu katako ne mai ɗan lotsawa. A falon gida mai tayil ana iya dafa bayan kujera a yi aikin sanda, amma tsalle kam a'a.

Akwai wani ɗan aiki da ba ya cin ko sisi, kuma shi na fi yarda da shi. Sue Mayes, wadda ta yi aiki a matsayin babbar likitar fisiyo ta Australian Ballet, ita da abokan aikinta sun lura cewa 'yan rawar da ba sa iya tashi kan yatsun ƙafa ɗaya sau 25 a jere su suka fi kawo ƙarar ciwon idon sawu. Sai aka shigar da wannan tashi cikin aji, kowa ya yi a ƙarshen sanda, raunin sha-raɓa da idon sawu kuma ya ragu a kamfanin. A tsaya a ƙafa ɗaya, yatsu na kallon gaba, gwiwa a miƙe, hannu na ɗan taɓa bango don kada a tangaɗa. A ɗaga diddige a hankali har iyaka, nauyi yana bi ta tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, a sauke a hankali. Mai komawa tana iya kaiwa takwas ko goma ta ji sha-raɓa ta ɗauki wuta. Ba laifi. Wannan adadi ya fi madubi faɗa mata gaskiyar ƙafarta, kuma tun ba ta sayi sabon takalmi ba ya kamata ta fara shi a gida.

Ta gwada ƙafafun biyu ta kwatanta. Garma dai bijimi biyu ke janta, kuma kowane manomi ya san abin da ke faruwa in ɗaya ya fi ɗaya: kunya ta karkace, mai ƙarfin ya riƙa ɗaukar kayan ɗan'uwansa, raunannen kuma karkiya ta riƙa cin wuyansa a gefe. Kusan kowace 'yar rawa tana da ƙafar da take ji da ita, wadda take juyi a kanta, da wadda take lallaɓawa. Hutu yana faɗaɗa wannan tazara, ballantana in tsohon targaɗe ne ya jawo hutun. Idon sawun da ya taɓa gurɗewa yakan rage jin inda yake, shi ya sa yake son sake gurɗewa. Tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da bango, ido buɗe sannan ido rufe, tana maido da wannan ji. A riƙa fara atisaye da raunanniyar, inda ta tsaya nan 'yar'uwarta ma za ta tsaya.

Gwiwa kuma buɗe ƙafa ne ke sa ta kuka. A bale ana juya ƙafafu waje, diddige a haɗe yatsu na kallon gefe da gefe, kuma daga kwatangwalo juyin ya kamata ya taso, da wasu ƙananan tsokoki a can ciki waɗanda zaman kujera ke kashe wa jiki. Mai komawa ta tuna inda yatsunta ke kallo a da, sai ta dasa su a wurin da ƙarfi, kwatangwalo bai bi ba, gwiwa ta murɗe a tsakiya. In aka lanƙwasa, gwiwa ta tafi saitin yatsun tsakiya. In ba ta kai ba, a rage buɗin. Tsaga ƙafafu a ƙasa da sanyin jiki, don a ga ko har yanzu ana kaiwa, shi ma ya jira bayan aji.

Sai maganar da ta fi damuna, maganar harawa. Madubin ajin bale bango guda ne, ba ya kuma nuna wa mai komawa jikin da ta bari. Gonar maƙwabci ma tana ciki, ga 'yar shekara ashirin ƙafarta na taɓa kunne. Da yawa sukan yanke shawara biyu rana ɗaya: zan koma rawa, zan kuma rage ci. An aza wa bijimi karkiya ke nan an kuma ɗauke masa kwandon dusa. Jikin da ake ƙara wa aiki ana rage masa abinci yakan fara tsimi daga inda ba a gani: al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya daina cikewa, rauni ya ƙi warkewa. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsala ta ƙarancin abinci ga masu wasanni, ya kuma bayyana cewa tana kama maza ma. Duniyar bale ta daɗe tana cutar da 'ya'yanta da wannan buri na siranta, kuma abin takaici ne mace ta dawo da girmanta da hankalinta ta sake miƙa masa wuya. 'Yar'uwa, ki ci ki ƙoshi. Jikin da ya ɗauki ciki, ya yi goyo, ya yi shekaru yana ɗawainiyar gida, bai yi miki laifin komai ba.

Wadda haihuwa ta dakatar tana da ƙarin lissafi. Cikar arba'in ba ta nufin tsokokin ƙasan mara sun shirya ɗaukar tsalle. Jagorar da wasu likitocin fisiyo suka fitar a Birtaniya a 2019 ta ce ko gudu kada a koma kafin wata uku da haihuwa. Ɗigar fitsari lokacin tsalle, ko jin nauyi a ƙasan mara, ba abin ɓoyewa a jure ba ne, a dakata a ga likita, ana magance shi.

Akwai inda bijimi da 'yar rawa suka rabu. Bijimi ba son huɗa yake ba, sa shi aka yi. Ita kuwa so ne ya kawo ta, so kuma ya fi bulala iya tura jiki ya wuce iyaka. Manomi in dabba ta nakasa yana iya kai ta kasuwa ya sauya, mutum kuwa ƙafafun nan biyu su ke nan. Ita ce mai riƙe garma, ita ce kuma mai ja, saboda haka tausayin da manomi ke yi wa dabbarsa sai ta koyi yi wa kanta. Wannan kuwa ba a horar da 'yan bale a kai ba. Tun suna yara aka koya musu murmushi a kan ciwo.

Sai ta koyi bambance ciwo. Tsamin tsoka da ke zuwa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya bazu a cinyoyi ko sha-raɓa, ya kuma saki da an motsa, wannan cikin 'yan kwanaki zai wuce. Wanda ake tsoro daban yake. Ciwon da ake iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da tsalle, daga baya ya biyo mutum har cikin tafiya da kwanciya. Agarar da ke sandarewa da asuba, takun farko daga gado kamar an ɗaure diddige, kuma kullum abin gaba yake yi. Kumburi a gwiwa ko idon sawu. Ɗingishi, komai ƙanƙantarsa. Waɗannan ba a shafa musu man zafi a koma aji, ba a kuma haɗiye ƙwayar kashe ciwo don a samu a yi tsalle. A je asibiti, a kuma sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a makonnin farko. In hoto ya fito lafiya ciwo bai tafi ba, a koma a faɗa, hoton MRI yana ganinta da wuri.

Duk wannan ba don in sanyaya gwiwar kowa ba ne, na fi kowa son a koma. Alessandra Ferri ta yi ritaya a 2007, ta dawo a 2013 tana da shekara 50, a 2016 kuma ta sake fitowa a matsayin Juliet a Niyok tana da 53. Royal Academy of Dance ta Landan tana da azuzuwa musamman don masu shekara 55 zuwa sama, wasunsu sun bari tun suna 'yan mata, wasu ba su taɓa yi ba. Wadda ta dawo da shekaru tana zuwa da abin da ba ta da shi a da: tana jin kiɗa, ta san abin da hannu ke faɗa, ba don jarrabawa take rawa ba. Shi ya sa nake jin ciwon a ce targaɗen mako na uku ya mayar da ita gida, domin wadda ta bari karo na biyu da rauni ba lallai ta sake samun zuciyar fitowa ba.

Takalmin tsini, wanda ake tsayawa a kan ƙarshen yatsu da shi, shi ne na ƙarshen taɓawa, bayan watanni, in malama ta amince. Wadda ta ga ba ta bukatarsa, ba abin da ya ragu a rawarta. Tsohon da ke cikin akwati kuwa kada a kuskura. Bakinsa yadi ne da takarda da gam aka danne, shekaru da laima suna kashe shi, ƙafa kuma takan sake faɗi da tsawo, musamman bayan ciki. A je a sake aunawa, a fara da minti goma a jikin sanda malama na kallo, sannan a cire a mayar da takalmin yadi a ƙarasa aji.